Filin Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Ƙasa Take Hawa-Hawa?

A wannan fitowa mun haɗa wasiƙu biyar da suka iso mana a lokuta daban-daban, saboda dukkansu a kan abu ɗaya suke, wato shimfiɗun ƙasa da duwatsun da ke ƙarƙashin ƙafafunmu. Mun taƙaita wasiƙun ba tare da mun taɓa ma'anarsu ba.

Daga wani mai haƙar rijiya a ƙasar Gwadabawa

Assalamu alaikum. Haƙar rijiya ita ce sana'ar da na gada, kuma ɗana ne ya rubuta mini wannan takarda. Duk rijiyar da na haƙa a yankinmu, ƙasar ba ta zuwa iri ɗaya: jar ƙasa da marmara a sama, sannan wata laka mai ɓarewa falle-falle, sannan farin dutse. A cikin farin dutsen nan na sha tarar da abubuwa kamar katantanwa da suka zama dutse, a zurfin gaba shida ko bakwai, a inda babu kogi babu tafki. Yaya aka yi ƙasa ta jeru haka, kuma me ya kai katantanwa can?

Amsa: Wa alaikumus salam, Baba, Allah Ya ƙara wa sana'a albarka, Ya kuma raya yaron da ya riƙe alƙalami. Abin da kake gani a bangon rijiya shi ne ainihin abin da ake karantawa a jami'a a wani fanni da ake kira sitiratigirafi, wato ilimin shimfiɗun ƙasa da yadda suka hau kan juna, kuma a ganina wanda ya shafe shekaru yana sauka cikin rami da igiya ya riga ya san rabin karatun, abin da ya rage kawai a gaya masa dalili.

Dutse, komai taurinsa, yana cinyewa a hankali. Rana ta gasa shi da yini, sanyi ya kama shi da dare, ruwan sama ya shiga tsagoginsa ya narkar da abin da ke narkewa, saiwar itace ta ƙara buɗa tsagar, har ya koma tsakuwa da rairayi da laka. Yau da gobe ita ke sa allura ginin rijiya, kuma ita ce ke mayar da tsauni rairayi. Idan damina ta sauka, ruwa yakan kwashi wannan ɓarɓashi ya gangara da shi, abin da ya sa gulbin Rima ke yin ja a tsakiyar damina ke nan. Muddin ruwan yana gudu da ƙarfi yana iya riƙe kayansa, amma da zarar ya lafa, a fadama ko a tafki ko a bakin teku, sai ya fara saukewa, kuma ba a hargitse yake saukewa ba. Tsakuwa ce ke fara zama saboda nauyinta, rairayi ya biyo baya, laka kuwa ba ta kwanciya sai ruwan ya natsu sarai. Ambaliyar bana ta bar shimfiɗarta, ta baɗi ta zo ta hau kai, kuma idan yanayi ya sauya, misali kogi ya sake hanya ko tafki ya faɗaɗa, irin abin da ke sauka shi ma sai ya sauya. Wannan sauyin shi ne iyakar da kake gani tsakanin wata ƙasa da wata idan kana haƙa.

Abu biyu ne ke mayar da wannan tarin ya zama dutse. Akwai danniya, domin sabuwar laka fiye da rabinta ruwa ne, kuma yayin da kaya ke ƙaruwa a kanta sai nauyi ya matse ruwan ya fita, ƙwayoyinta su kwanta a kan juna, shi ya sa take ɓarewa falle-falle kamar takarda idan ka sa mata diga. Akwai kuma liƙewa, domin ruwan da ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa yana ɗauke da narkakkun ma'adinai, waɗanda yake ajiyewa kaɗan-kaɗan a tsakanin ƙwayoyin rairayi har su manne, daidai da farin abin nan da ke daskarewa a cikin butar da ake yawan dafa ruwan rijiya a cikinta. Ta haka rairayi ke zama dutsen rairayi, tsakuwa kuma ta zama dunƙulen dutse mai kama da kankare. Marmara ita dai daban take: ba ruwa ne ya kawo ta daga wani wuri ba, a inda take ta samu, sakamakon jiƙewa da bushewa na daminu da rani masu yawan gaske, waɗanda suka wanke sauran ma'adinai suka bar tsatsar ƙarfe ta taru ta taurare.

Farin dutsen da ka ambata kuwa yana da nasa labarin, kuma a nan amsar tambayarka ta biyu take. Mafi yawansa ƙwanson halittun ruwa ne, manya da ƙanana, da suka rayu suka mutu suka taru a ƙasan teku mai ɗumi marar zurfi. Katantanwar da ka gani ba kai ta aka yi can ba, a gidanta ta mutu, domin kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce, wurin da kake haƙa ƙasan teku ne. Wani reshen teku ne ya shigo daga arewa, ta ƙasashen da a yau ake kira Aljeriya da Mali, ya malale yammacin Nijar da ƙasar Sakkwato. Masana sun raɗa wa wannan shimfiɗa sunan Kalambaina, garin da ke gefen birnin Sakkwato inda masana'antar siminti ke haƙarta, kuma irin dutsen ne ake haƙa a Malbaza cikin jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, tunda tekun bai san iyakar da aka shata daga baya ba.

Ina son ka ga yadda jerin yake gaba ɗaya, domin rijiyarka ɗan yanki kawai ta nuna maka. Shimfiɗun kwarin Sakkwato sun ɗan jingina kaɗan zuwa arewa maso yamma, kuma kaurinsu yana ƙaruwa har ya haura mita 1,000 kusa da iyakar Nijar. Saboda wannan jinginar, mutumin da ya taso daga Gusau ya nufi Sakkwato ya zarce Birnin Kebbi yana taka su ne ɗaya bayan ɗaya, daga mafi tsufa zuwa mafi ƙuruciya. A Gusau tsohon dutsen tushe ne, wanda komai ke zaune a kansa. Bayansa sai shimfiɗar Gundumi, tsakuwa da rairayi da laka da koguna da tafkuna suka zubar tun teku bai zo ba. Sai rukunin Rima, wato Taloka da Dukamaje da Wurno, kuma a lakar Dukamaje ne aka samu ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku dangin guza, wadda masanan Italiya suka raɗa wa suna Goronyosaurus a 1972 don tunawa da Goronyo. Wannan zuwan teku na farko ke nan. Ya janye, sannan ya sake dawowa ya bar lakar Dange mai ɗauke da ma'adinan jifsam da fosfat, ya bar farin dutsen Kalambaina a kanta, ya rufe shi da lakar Gamba, wadda nake kyautata zaton ita ce mai ɓarewar da kake ratsawa kafin ka kai farin dutse. Da ya janye janyewar ƙarshe, koguna suka dawo suka shimfiɗa rairayi da yumɓun Gwandu a sama. Ruwan da kuke samu a farin dutsen nan ma jerin ne ya ba ku shi: dutsen yana da ramuka da tsagogi da ruwa ke shiga, lakar Dange da ke ƙarƙashinsa kuma ta hana shi zurarewa ƙasa.

Daga wata malamar sakandare a Maraɗi

An ba ni darasin ƙa'idojin jeruwar shimfiɗun duwatsu. Ba mu da ɗakin gwaji, kuma na lura yara haddacewa kawai suke yi su manta bayan jarrabawa. Ta yaya zan koyar da shi har ya zauna musu?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Wannan darasi yana cikin 'yan kaɗan da rashin ɗakin gwaji ba ya rage musu komai, domin kwalba ɗaya mai haske da ƙasar bayan aji sun isa. Ki sa yara su zuba tsakuwa da rairayi da ƙasar fadama a kwalbar, su cika ta da ruwa, su girgiza sosai, su ajiye. Tsakuwa za ta zauna nan take, rairayi cikin minti ɗaya ko biyu, laka kuwa sai washegari ruwan zai washe. Bayan kwana biyu a ƙara wata ƙasa mai launi daban a hankali ba tare da girgizawa ba, sannan ki tambaye su wace shimfiɗa ce ta riga zama. Babu yaron da zai ce ta sama. To sun faɗi ƙa'ida ta farko da bakinsu, cewa a jerin da ba a birkita ba, ta ƙasa ta girmi ta sama, kamar yadda buhun da ke ƙasa a sito ya riga na kansa shiga.

Ki sake gwajin da wata kwalbar da aka jingina a karkace, za su ga cewa duk da karkatar kwalbar, ƙasar a kwance ta zauna daidai da fuskar ruwa, wanda shi ne ƙa'ida ta biyu. Ta uku kuwa tana bukatar fita waje. Da rani ki kai su inda ruwa ya yanke gaɓa a gulbin Maraɗi ko wani kwazazzabo na kusa, su duba bangon wannan gefe da na wancan, za su tarar da jar ƙasa tana fuskantar jar ƙasa, farin rairayi yana fuskantar farin rairayi a tsayi ɗaya, alamar cewa shimfiɗa ɗaya ce da ta bazu ko'ina kafin ruwa ya raba ta. A wurin ne kuma za ki tambaye su, tsakanin kwazazzabon da ƙasar da ya yanka wa ya girmi wani, domin duk abin da ya ratsa shimfiɗa, tsaga ce ko rami ko narkakken dutse da ya kutso daga ƙasa, ya zo ne bayanta. Haka nan tsakuwar da ke cikin bulo ta girmi bulon.

Idan sun gane da idonsu, sannan ki ba su tarihi. Wanda ya fara tsara ƙa'idoji uku na farko a rubuce shi ne Nicolas Steno, likita ɗan ƙasar Denmak da ke zaune a Italiya. A 1666 masunta suka kama wani ƙaton kifin shak kusa da Livorno aka aika masa da kansa ya fede, sai ya lura haƙoransa daidai suke da wasu ƙananan duwatsu masu siffar harshe da ake tsinta a cikin duwatsun tudu. Tambayar yadda haƙori ya shiga cikin dutse ita ta kai shi ga littafin da ya fitar a 1669. Amma shekaru fiye da 600 kafin shi, Ibnu Sina ya rubuta a Kitabus Shifa cewa ana ganin wasu tsaunuka hawa-hawa, kuma ya danganta hakan da malalar teku da janyewarsa a lokuta daban-daban, kowane lokaci da shimfiɗarsa. Albiruni ma, a littafinsa kan ƙasar Indiya da ya kammala wajen 1030, ya lura cewa duwatsun da ake tonowa a filayen ƙasar manya ne kusa da tsaunuka, suna ƙanƙancewa yayin da ake nisa, har su zama rairayi kusa da bakin teku, ya kuma fahimci cewa filin da kansa tsohon teku ne da koguna suka cike. Ina ganin ya dace ɗalibanki su ji waɗannan sunaye, domin su san cewa lura da hankali su ne jarin wannan ilimi tun farkonsa, kuma suna da su.

Daga wani direban babbar mota mai bin hanyar Gombe zuwa Yola

Na ji an ce duwatsu masu hawa-hawa a kwance suke samuwa. To ni a hanyata ina ganin wasu a karkace, wasu ma kamar an lanƙwasa su. Ko maganar ba haka take ba?

Amsa: Malam, Allah Ya kiyaye hanya. Maganar haka take, kuma abin da ka gani shi ne amfaninta, domin da ba mu san a kwance suka fara ba, da karkatarsu ba ta gaya mana komai ba. Hanyar da kake bi tana ratsa kwarin Binuwai, wata doguwar tsaga mai tsawon kusan kilomita 1,000 da ta buɗe lokacin da nahiyar Amurka ta Kudu ke rabuwa da Afirka, fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce. Koguna suka fara cika ta da rairayi, wanda ya zama dutsen da ake kira da sunan dutsen Bima, daga baya teku ya shigo ya bar laka da farin dutsen da ake yin siminti da shi a Ashaka. Bayan duk wannan ya taru, kaurinsa ya kai dubban mitoci, sai ɓangarorin ɓawon duniya suka matso juna, shimfiɗun suka tattare kamar tabarmar da aka turo daga gefe biyu. Dutsen da ke can ƙasa cikin zafi da nauyi, idan matsin a hankali yake zuwa cikin miliyoyin shekaru, yakan lanƙwashe maimakon ya karye, inda kuma ya kasa jurewa sai ya tsage, gefe ɗaya ya zame ya bar ɗayan.

Wani lokaci lanƙwasar takan yi tsanani har shimfiɗu su kife, ta ƙasa ta koma sama, kuma masana suna da alamomin gane hakan. Tsagewar da laka ke yi a fadama da rani faɗinta a sama yake, tana tsukewa zuwa ƙasa, kuma takan daskare a dutse yadda take. A shimfiɗar da ambaliya ɗaya ta zubar, manyan ƙwayoyi a ƙasa suke, ƙanana a sama. Idan aka tarar da waɗannan a juye, an san dutsen ne ya juya.

Akwai wani abu a yankinku da ya fi wannan zurfin ma'ana. A yammacin Gombe, shimfiɗar da ake kira Kerri-Kerri a kwance take, amma tana zaune ne a kan dutsen rairayin Gombe da ya riga ya lanƙwashe. Wannan yana nufin na ƙasan ya taru, ya taurare, ya lanƙwashe, ya ɗago sama, zaizaya ta aske kansa, sannan sabon rairayi ya zo ya kwanta a kai, kuma duk tsawon lokacin askewar babu shimfiɗar da ta wakilce shi, kamar littafin da aka cire wasu shafuka daga tsakiyarsa. Irin wannan giɓi ne James Hutton ya nuna wa abokansa a 1788 a gaɓar teku ta Siccar Point a Sikotilan, inda duwatsun da ke tsaye a miƙe suke ɗauke da jan dutsen rairayi a kansu, kuma a yau an san cewa tazarar da ke tsakaninsu ta kai kimanin shekara miliyan 65. Idan kuma ka iso wajen Kaltungo ka hangi tsaunin Tangale ya yi tsini, wannan narkakken dutse ne da ya huda shimfiɗun ya daskare, saboda haka duk sun girme shi.

Daga wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe na sakandare a Potiskum

Idan aka ce dutse ya shekara miliyan kaza, ta yaya aka sani, tunda babu wanda yake nan? Ba ƙiyasi ba ne kawai?

Amsa: 'Yata, tambayarki tana kan hanya, kuma kada ki daina yin irinta. Abu biyu ne a nan da ya kamata a raba: sanin wa ya girmi wani, da sanin adadin shekaru. Ƙa'idojin jeruwa na farkon kawai suke bayarwa. Kauri ma ba ya auna lokaci, domin ambaliya ɗaya tana iya zubar da taƙi guda na rairayi a dare ɗaya, alhali a tsakiyar manyan tekuna jar laka takan ɗauki shekara 1,000 kafin ta tara milimita ɗaya.

Mataki na gaba ya zo ne daga wani mai aikin awon ƙasa a Ingila mai suna William Smith, wanda aikinsa shi ne shata hanyoyin ruwa da ake haƙawa don jigilar kwal. Yawan duba bangon ramuka ya sa ya gane cewa kowace shimfiɗa tana da irin burbushin halittun da ke cikinta, kuma jerinsu ba ya sauyawa daga gari zuwa gari, har ya iya gane shimfiɗa da burbushinta ko da launinta ya sauya. Da wannan ya zana taswirar duwatsun Ingila da Wales a 1815. Ta wannan hanya ce ake haɗa shimfiɗar Sakkwato da ta Mali ko ta Tunisiya a ce zamaninsu ɗaya.

Adadin shekaru bai samu ba sai a farkon ƙarni na 20, bayan an gano cewa wasu sinadarai suna rikiɗewa da kansu zuwa wasu a kan ma'auni tsayayye da zafi ko nauyi ba sa sauyawa. Yuraniyom, irin wanda ake haƙa a Arlit, yana komawa dalma, kuma nau'insa mafi yawa yana ɗaukar kusan shekara biliyan 4.5 kafin rabinsa ya rikiɗe. Akwai wani ɗan ƙaramin ma'adini mai suna zirkon da ke karɓar yuraniyom lokacin da yake daskarewa daga narkakken dutse amma ba ya karɓar dalma, saboda haka duk dalmar da aka samu a cikinsa daga baya ta samu, kuma auna yawan wannan da wancan yana ba da shekarunsa. Sai dai akwai tarko: ƙwayar rairayi shekarun dutsen da ta ɓalle daga jikinsa take bayarwa, ba ranar da ta kwanta ba. Shi ya sa ake neman tokar dutse mai aman wuta da ta sauka a tsakanin shimfiɗu, a auna ta ƙasa a auna ta sama, a san cewa abin da ke tsakani ya faɗa cikin wannan tazara. Kowane awo yana zuwa da iyakar kuskurensa a rubuce, kuma ana gwada shi da wani sinadarin daban a wani ɗakin bincike daban, wannan ne ya raba shi da ƙiyasi.

Misali mafi kusa da ke yana jiharku. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, kusa da kogin Komadugu Gana, ya ci karo da katako a zurfin kimanin mita 5. A 1994 masana daga jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt suka tono shi, ya kasance kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8. Zurfinsa a ƙarƙashin laka da rairayin da ba a taɓa ba ya nuna tsoho ne, amma awon kabon 14, wani sinadari da ke jikin duk abin da ya taɓa rayuwa, wanda rabinsa ke rikiɗewa cikin shekara 5,730, shi ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000. Wannan awo ba ya wuce shekara 50,000 ko kusa da haka, saboda haka ba da shi ake auna duwatsu ba.

Wani misalin kuma ya game duniya. A Gubbio ta Italiya akwai wata siririyar shimfiɗar laka mai kaurin kusan santimita ɗaya, wadda Luis Alvarez da ɗansa Walter da abokan aikinsu suka bayyana a 1980 cewa tana ɗauke da sinadarin iridiyom fiye da kima, irin wanda ke da yawa a duwatsun da ke faɗowa daga sararin samaniya. An sami irinta a wurare da dama, an kuma gano ramin da wani ƙaton dutse daga sama ya yi da ya faɗo a Meziko, awo ya ba da shekara miliyan 66. A ƙasar Sakkwato iyakar wannan lokaci tana tsakanin shimfiɗar Wurno da ta Dange: a ƙarƙashinta akwai dabbar nan ta Goronyo, a samanta kuwa akwai kadoji da kififfiya da kifaye, amma ita da danginta babu ko ɗaya.

Daga wani magidanci a Zariya

Sau biyu ana haƙa mini rijiyar burtsatse a gida ba a samu ruwan kirki ba, kuma masu haƙar sun ce in ƙara kuɗi a ƙara zurfi. Ɗan'uwana a Borno ya ce a can idan an yi zurfi ruwa da kansa yake fitowa. Shin in ƙara?

Amsa: Alhaji, Allah Ya mayar da alheri. Abin da ɗan'uwanka ya faɗa gaskiya ne a wurinsu, amma ƙasarku ba irin tasu ba ce. Maiduguri tana kan kwarin Chadi, inda rairayi da laka suka jeru hawa-hawa. Bayan ruwan sama-sama da rijiyoyin gida ke kaiwa, akwai shimfiɗar rairayi a zurfin mita 300 ko kusa da haka, da wata a zurfin da ya wuce mita 500, kowace an rufe ta da laka mai kauri, ruwan cikinta kuma a matse yake, shi ya sa idan aka huda lakar yake tasowa, ko da yake ƙarfin tasowar ya ragu saboda yawan rijiyoyi da barin wasu suna zuba dare da rana.

Zariya kuwa, kamar Kano da Kaduna, tana kan tsohon dutsen tushe ne, irin wanda ya fito fili a dutsen Kufena, wanda ya daskare tun kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce. Babu wata shimfiɗar rairayi da ke jira a ƙarƙashinsa. Ruwa a irin wannan ƙasa wuri biyu yake zama: a ruɓaɓɓen dutsen da ke sama, wanda kaurinsa yawanci bai wuce 'yan gomomin mitoci ba, da kuma cikin tsagogin lafiyayyen dutsen da ke ƙarƙashinsa. Idan injin ya wuce ruɓaɓɓen ya shiga lafiyayyen dutse yana fitar da busasshen gari, ƙarin zurfi ba ya kawo ruwa sai in an dace da tsaga, kuma tsagogin raguwa suke yi yayin da ake nitsawa.

Shawarata ita ce kada ka ƙara ko sisi kafin ka kira masanin ruwan ƙarƙashin ƙasa wanda ba shi da hannu a kwangilar haƙar, ya auna filin da na'urar da ke tura lantarki cikin ƙasa don gano inda ruɓaɓɓen dutse ya fi kauri ko inda tsaga ta bi, domin tazarar mita 30 kawai tana iya raba busasshen rami da rijiya mai ruwa. Ka tambayi maƙwabtan da suka dace zurfin da suka samu ruwa. Idan za a sake haƙawa, ka sa a cikin yarjejeniya cewa za a riƙa ɗibar garin da ke fitowa bayan kowane mita uku a jera shi a ƙasa, a kuma ba ka takardar da ta nuna abin da aka ratsa da zurfin da ruwa ya fara fitowa. A kuma toshe bakin ramin da siminti mitoci kaɗan daga sama, a nisanta shi da masai, tunda ruwan da ke cikin ruɓaɓɓen dutse kusa yake da doron ƙasa kuma ƙazanta tana saurin isa gare shi.